"Ku Tafi da Ita Gida": Jinyar Ƙarshe, Kisan Tausayi da Zogin da Muke Ɓoyewa

Likitan bai faɗa a gaban Gwaggo ba. Ya yafito Yaya da hannu suka fita baranda, ni kuma na bi bayansu riƙe da katinta da ledar magunguna. Ya rage murya ya ce, "Alhaji, mun yi iyakar abin da za mu iya. Sankarar ta bar mama ta shiga ƙashi. Ku tafi da ita gida, a ci gaba da addu'a." Yaya ya ce, "To likita, Allah ya saka da alheri." Da muka koma ta tambayi abin da aka ce, Yaya ya ce mata an sallame ta ne, sauran jinyar a gida za a ƙarasa. Ba ta sake tambaya ba.

Ta yi kusan wata biyu a ɗakinta kafin ta cika. Da rana 'yan dubiya ba sa yankewa. "Sannu Hajiya, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." "Allah ya sa kaffara ne." Da dare kuwa, in gida ya yi tsit, sai ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije don kada jikoki su ji nishinta. Abin da ke hannunmu shi ne farasitamol da man zafi da ruwan tofi. Babu wanda ya gaya mana akwai maganin da zai iya kwantar da irin wannan zogi, mu ma kuma ba mu san mu tambaya ba.

Ita nake tunawa duk sanda na ji muhawarar da ake yi a ƙasashen Turawa kan abin da suke kira yutaneziya. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta "kyakkyawar mutuwa". Mu ma kullum roƙonmu Allah ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe. Sai dai abin da Bahaushe ke nufi shi ne ya cika da kalmar shahada, babu haƙƙin kowa a wuyansa. Abin da dokar Holan ke nufi kuwa, likita ya yi wa mara lafiya allurar da za ta ɗauke ransa bisa roƙonsa. Larabawa na ce masa kisan rahama, mu a ce kisan tausayi.

Kafin mutum ya yanke hukunci, gara ya fara zazzage buhun, don abubuwa daban-daban aka cusa a ciki. Akwai inda likita da hannunsa yake ɗura wa mara lafiya abin da zai tsayar da zuciyarsa. Akwai inda rubuta maganin kawai yake yi, mara lafiyan ya sha da kansa. Waɗannan biyun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: mutuwar ake nufi, kuma maganin ne ke kawo ta. Sannan akwai wani abu dabam, wato a dakatar da magani ko a cire na'urar da ta daina amfanar mara lafiya, a bar cutar ta yi abin da dama za ta yi. Akwai kuma ba da magani mai ƙarfi domin zogi ya kwanta. Rabin rigimar da ake yi, har a tsakanin masu ilimi, daga cakuɗa waɗannan take tasowa.

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba, haka ma kakannin Turawa. A da, in numfashi ya tsaya, shi ke nan, rai ya yi halinsa. Na'ura ce ta zo ta dagula lissafin. A 1952 annobar shan inna ta ɓarke a babban birnin Denmak, har aka riƙa jera ɗaliban likitanci suna matsa jakar iska da hannu dare da rana don su yi wa marasa lafiya numfashi. Daga wannan aka samu ɗakin kulawa ta musamman irin wanda muka sani yau. Ya ceci rayuka bila adadin, amma ya zo da tambayar da ba a taɓa yi ba: mutumin da hankalinsa ya tafi ba dawowa, inji ne kawai ke ɗaga ƙirjinsa, har yaushe za a riƙe shi?

A 1975 wata budurwa 'yar shekara 21 a jihar New Jersey ta Amurka, Karen Ann Quinlan, ta faɗa doguwar suma. Iyayenta, Katolika masu riƙo da addini, suka nemi a cire mata na'urar numfashi, likitoci suka ƙi. A 1976 kotun ƙolin jihar ta ba iyayen gaskiya. Aka cire, sai ga yarinya ta ci gaba da numfashi da kanta, ba ta rasu ba sai 1985. Wannan labari kaɗai ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin cire na'ura da yin allura. In an cire na'ura, wanda kwanansa bai ƙare ba zai ci gaba da shaƙar iska. Bayan allura kuwa babu sauran jiran komai.

Holan ce ta fara halatta allurar, kuma abin daga uwa da 'ya ya faro. A 1971 wata likita mai suna Geertruida Postma ta yi wa mahaifiyarta allurar mofin mai yawa, wato maganin kashe zogi mai ƙarfi. Tsohuwar ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma ta sha roƙon 'yarta ta raba ta da wahala. A 1973 kotu ta sami likitar da laifi, amma hukuncin ɗaurin mako ɗaya ne, shi ma na jeka-ka-gyara-halinka. Daga nan kotuna suka yi ta sassautawa, har majalisa ta yi dokar da ta fara aiki a watan Afrilun 2002. Sharaɗin shi ne mara lafiya ya roƙa da bakinsa, cikin hankalinsa, ba tare da matsi ba; wahalar ta fi ƙarfin jurewa kuma babu alamar sauƙi; wani likita na daban ya zo ya duba shi; bayan an gama kuma a kai rahoto gaban kwamitin da zai bincika ko an bi ƙa'ida. A shekarun farko ba a kai mutum 2,000 a shekara ba. A 2023 sun haura 9,000, wato sama da biyar cikin kowane mutum ɗari da suka mutu a ƙasar.

Beljiyam ta bi sahu a 2002, a 2014 kuma ta cire iyakar shekaru, ta yadda yaro ma zai iya nema in ciwon ajali ne kuma iyayensa sun yarda. Suwizalan hanyarta dabam. Tun 1942 dokarta ba ta hukunta wanda ya taimaki wani ya kashe kansa sai in don wata moriya tasa ya yi, shi ya sa ƙungiyar Dignitas, da aka kafa a 1998, take karɓar baƙi daga ƙasashen waje waɗanda ke yin tafiyar musamman don su mutu. Sifaniya ta yi tata dokar a 2021. A watan Yunin 2025 majalisar wakilan Birtaniya ta amince da wani ƙuduri irin wannan da ƙuri'a 314, yayin da 291 suka ƙi.

Ba na goyon bayan waɗannan dokoki, amma ba zan ce masu goyon bayansu marasa imani ne ko marasa tausayi ba. Da yawansu sun zauna a bakin gadon uwa ko miji sun ga abin da na gani. Hujjarsu ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ke kwance shi ya san abin da yake ji. Wanda bai taɓa kwana yana jin nishin nasa ba, ya yi a hankali wajen yi musu gori.

Amma akwai abin da ya fito daga jihar Oregon ta Amurka wanda ya kamata a tsaya a kansa. Dokarsu ta fara aiki a 1997, ga wanda likitoci suka ce bai fi wata shida ya rage masa ba, kuma shi zai sha maganin da kansa. Duk shekara hukumar lafiyar jihar tana fitar da rahoton dalilan da suka sa mutane suka nema. Mutum zai zaci zafin ciwo ne a kan gaba. A'a. Abin da ke zuwa sama shekara da shekaru shi ne mutum ya rasa ikon tafiyar da kansa, ya kasa yin abubuwan da ke sa shi jin daɗin rayuwa, ya ji mutuncinsa ya zube. Da yawa kuma suna tsoron zame wa iyali kaya. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka rubuta wa maganin ma ba sa sha, ajiye shi kawai suke yi.

A nan al'ada ta shigo. A inda aka tarbiyyantar da mutum cewa darajarsa ita ce tsayuwa da ƙafarsa, ranar da wani zai ɗaga shi ya kai shi bayan gida ita ce ranar da yake ganin ya ƙare. Mu kuwa an rene mu a kan cewa tsoho ya bi 'ya'yansa bashin wannan hidimar, kuma mai jinyar iyaye lada yake kwasa. Gwaggo ba ta taɓa jin kunyar 'yarta ta yi mata wanka ba. Sai dai kada mu ruɗi kanmu cewa wannan gado ba ya zaizayewa. 'Ya'ya sun watsu Abuja da Legas da Saudiyya, gidan haya ɗaki biyu ne, kuɗin magani ya fi albashi. Na ji tsoho da bakinsa yana cewa, "Allah ya ɗauke ni in huta, ku ma ku huta." Wannan maganar da ta mutumin Oregon uwarsu ɗaya.

Kanada ce ta fi tayar mini da hankali. Kotun ƙolinta ta soke haramcin a 2015, doka ta fito a 2016 ga waɗanda mutuwarsu ta kusanto. A 2021 aka cire wannan sharaɗi, ya zama mai naƙasa ko mai doguwar cuta zai iya nema ko da ajalinsa bai nuna alamar kusa ba. A 2023 mutum sama da 15,000 suka mutu ta wannan hanya, kusan ɗaya cikin kowane ashirin. Shirin shigar da masu taɓin hankali zalla kuma an ɗaga shi zuwa Maris na 2027. Ƙungiyoyin naƙasassu na ƙasar da wasu masanan haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi kuka a kai, kuma kukansu yana da tushe: in samun wurin zama da mai kula da kai yana ɗaukar shekaru, samun allura kuwa watanni, to anya zaɓi ne wannan? Jamusawa sun san inda irin wannan hanya ta taɓa kaiwa. Tsakanin 1939 da 1941 gwamnatin Hitler ta kashe naƙasassu da masu taɓin hankali kimanin 70,000 da sunan jinƙai, shi ya sa har yau suke ƙyamar kalmar yutaneziya. Gaskiya ne wancan dole aka yi wa mutane, na yau kuwa roƙa ake yi. Amma tunanin cewa akwai ran da bai cancanci wahalar riƙewa ba, da zarar ya zauna a zukata, talaka da naƙasasshe yake fara ci.

A Musulunci maganar allura ba ta da ja. Allah ya ce kada ku kashe kanku, lalle Allah mai jinƙai ne a gare ku. Bukhari ya kawo labarin wani mutum daga al'ummomin da suka gabata da ya samu rauni, ya kasa daurewa, ya yanke hannunsa da wuƙa jini ya yi ta zuba har ya mutu, Allah ya ce bawana ya yi mini gaggawa da ransa, na haramta masa Aljanna. Ko fatan mutuwa ma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana, sai dai mutum ya ce: Ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce mafi alheri gare ni, ka karɓi raina in mutuwa ce mafi alheri gare ni.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa a kan mumbari ba shi ne ɗaya ɓangaren. Malaman fiƙihu ba su ce dole a riƙe gawa da inji ba. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Amman, ta yanke cewa in aikin ƙwaƙwalwa ya tsaya gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci kuma suka tabbatar ba zai dawo ba, ya halatta a cire na'urori. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ita ma ta halatta cirewar in likitoci uku ƙwararru sun tabbatar, sai dai ta ce ba za a ɗauke shi mamaci a shari'a ba, a yi maganar gado ko takaba, sai zuciya da numfashi sun tsaya. Iyali nawa ne suka sayar da gona da gida don riƙe wanda ya riga ya tafi, saboda tsoron kada su zama su suka kashe shi? Da wani malami ya zauna da su ya warware musu wannan, da an rage musu nauyi biyu, na aljihu da na zuci.

Cocin Katolika a nan kusa take tsaye. Ta haramta kisan tausayi, amma tun 1957 Fafaroma Pius na 12 ya gaya wa likitoci cewa ba wajibi ba ne a bi hanyoyin da suka wuce ƙima don jan rai, kuma ya halatta a ba mai gargara maganin zogi ko da ana tsoron zai gajarta masa lokaci, matuƙar ba mutuwar ake nufi ba. Yahudawa masu tsauri kuwa sun bambanta tsakanin ƙin sa na'ura da cire ta bayan an sa. Dokar Isra'ila ta 2005 ta yarda da na farko ta hana na biyu, har aka kawo shawarar a riƙa sa wa na'urar numfashi agogo, in lokacin ya cika ta tsaya da kanta, sai a duba ko za a sake kunnawa, don kada hannun mutum ya zama shi ya kashe ta.

A Indiya akwai Aruna Shanbaug, nas a wani asibitin Mumbai, wadda wani ma'aikaci ya kai wa hari a 1973, ƙwaƙwalwarta ta lalace. Shekara 42 ta yi a kwance. Da wata marubuciya ta je kotu ta nemi a daina ciyar da ita, abokan aikinta nas-nas ne suka ce ba su yarda ba. A 2011 kotun ƙoli ta ƙi roƙon, ta kuma yaba musu, domin duk tsawon shekarun nan ko gyambon kwanciya ɗaya bai fito mata ba. Duk wanda ya yi jinyar wanda ba ya iya juyawa ya san abin da hakan ke nufi: juyawa kowane 'yan awoyi, gogewa, sauya zanen gado, dare da rana. Ta rasu a 2015.

Waɗannan matan suka koya mini abin da nake son faɗa. Cewa "ba ma kashe marasa lafiyarmu" magana ce mai sauƙi. Dokar Najeriya ma ta hana, duk da cewa kotun ƙoli a 2001, a shari'ar likita Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Amma wanda ya hana allura ya ɗauki wa kansa nauyin abin da zai maye gurbinta. Mu me muka tanada?

Fannin nan yana da suna a likitanci, wato jinyar sauƙaƙa wahala ga wanda cutarsa ba ta warkewa. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi nas kafin ta zama likita, ita ta kafa shi da gidan jinya na St Christopher's da ta buɗe a Landan a 1967. Ta koyar da abu biyu. Na farko, a ba da mofin bisa agogo, kada a jira sai ciwo ya taso mutum ya yi ta roƙo. Na biyu, zogin mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba: akwai tsoro, akwai tunanin wa zai riƙe yara, akwai abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan jinya duk shekara, kuma kashi 14 cikin ɗari kawai ke samu. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta fitar a 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rabawa a duniya. Alhali mofin magani ne mai arha.

Kada a ce sai ƙasa mai kuɗi. A 1993 likita Anne Merriman ta fara wannan aiki a Yuganda da garin mofin da ake damawa da ruwa a zuba a gorar roba, mara lafiya ya riƙa sha a gida. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, saboda likitoci ba sa isa ƙauye. A jihar Kerala ta Indiya kuma, unguwanni ne suka ɗauki abin: 'yan sa kai, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ɗalibai, suna zagayawa gida-gida tare da nas. Tsarin ya yi ƙarfi sosai a gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa, kuma a 2008 gwamnatin jihar ta mayar da shi manufarta. Mu da muke da al'adar dubiya, da 'yan agaji a kowane masallaci, da ƙungiyoyin mata a kowace coci, rabin aikin yana hannunmu tun tuni. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan yana cikin na farko da suka buɗe sashe don wannan, amma mai sankara a ƙauyen Katsina ko Maraɗi ina shi ina Ibadan?

Abin takaici, bala'in shaye-shaye ya ƙara toshe hanyar. Tiramadol da kodin sun cinye mana matasa, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Sai tsoro ya kama kowa: likita na tsoron rubutawa, mai kemis na tsoron ajiyewa, iyali na tsoron kada Hajiya ta zama 'yar maye ko maganin ya ƙarasa ta. Alhali likitocin fannin sun daɗe da tabbatar da cewa mofin da aka ba da shi bisa ƙa'ida, ana ƙarawa sannu a hankali gwargwadon ciwo, ba ya gaggauta mutuwa. Ga kuma wanda iyalinsa ke sa hannu su ɗauke shi daga asibiti don kuɗin iskar oksijin ya ƙare. Babu majalisar da ta zauna a kansa, babu kwamitin da zai duba ko an bi ƙa'ida.

Saura maganar ɓoyewa. Ba mu kaɗai muke yi ba. Sarkin Japan Hirohito ya rasu a watan Janairun 1989 ba tare da an gaya masa sankara ce ke cinsa ba, domin a lokacin haka likitocin ƙasar suka saba, iyali ake gaya wa. Turawa na ganin wannan tauye haƙƙi ne, mu muna ganin tausayi ne, kuma na san Yaya don ƙauna ya yi. Amma Musulmin da aka umarta kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba in yana da abin yin wasiyya, wanda ke da bashin biya da gafarar nema, anya mun kyauta masa in muka rufe shi da "sauƙi na nan tafe"? Akwai hanyar faɗa wadda ba ta yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma ya kamata likitocinmu da malamanmu su koye ta tare.

Ita dai Gwaggo ashe ta sani. Kwana uku kafin ta cika, bayan sallar isha'i, ta sa aka kira ni. Muryarta ta dushe, sai da na kai kunnena kusa da bakinta. Ta ce akwai zubin adashi biyu da ba ta yi ba, da kuɗin atamfa turmi ɗaya na wata maƙwabciya, kuɗin suna ƙulle a bakin zane cikin kwalla ta ƙasa. Ta ce in je in ce wa ƙanwarta ta yafe mata maganar gado, ita ma ta yafe. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ka gaya wa yayanka na sani. Zai shiga damuwa."